Hanyar Gabas: Abin da Muka Gani a Kan Keke Daga Kusiri Zuwa Abeshe



Ranar da kwamitin biki ya zauna don tsara yadda za a tuna cikar ƙungiyarmu shekara 25, an kawo shawarwari iri-iri. Wani ya ce a yanka sa, wani ya ce a buga kalanda da hotunan shugabanni. Ana cikin haka sai ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa ƙungiyar, wanda ya tsufa a fataucin goro, ya dubi matasan da ke zaune bakin ƙofa ya ce, "Ku 'ya'yan nan, kullum kuna haye gadar Ngeli da kaya safe da yamma, amma a cikinku babu wanda ya san sawun wa yake takawa." Maganar ta yi mana ciwo, don gaskiya ce. A nan aka yanke cewa wasunmu su hau keke su bi wani yanki na tsohuwar hanyar alhazai, daga Kusiri zuwa Abeshe, su dawo su ba da labari. Mu 11 muka tafi, cikin sanyin da ya wuce, muka yi kwana 15 a hanya. Ga labarin, haɗe da abin da muka ji daga bakin manya da ɗan abin da muka karanta.

Wasu sun tambaye mu, me ya sa keke? Mota haɗiye hanya take yi, mutum ya yi barci a Masaget ya farka a Mongo bai san abin da ya wuce ba. Tafiyar ƙafa kuma sai ta ci wata biyu, kuma babu mai iya rufe rumfarsa tsawon wannan lokaci. A kan keke kana jin ƙishi, kana jin hawa da gangara a cinyarka, kana sanin nisan da ke tsakanin wannan rijiya da waccan. Abin da muke nema ke nan.

Kafin mu kama hanya, bari mu gyara wani kuskure da mu ma muke yi a da. Mun ɗauka tun fil azal ta nan ake zuwa Makka. Ba haka ba ne. Alhazan farko na ƙasashenmu arewa suke yi, su keta Sahara ta Agadas da Gat da Fezzan su faɗa Masar, su shiga ayarin Alƙahira. Ta Sahara Mansa Musa na Mali ya bi a 1324. Sarakunan Kanem da Barno ma arewa suka fi bi, har a ƙarni na 13 mutanen Kanem suna da masaukinsu na kansu a Alƙahira, don ɗalibai da alhazai. Shi kansa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ya yi niyyar aikin hajji yana saurayi, Agadas ya bi malaminsa, Malam Jibrin ɗan Umaru. Daga can ya komo gida saboda bai samu iznin mahaifinsa ba, kuma har ya rasu Allah bai nufe shi da zuwa ba. Hanyar Sahara ta masu hali ce. Sai kana da raƙumi, da guzuri, da kuɗin biyan jagora, domin a cikin hamada babu inda za ka tsaya ka yi ƙwadago ka ci.

Hanyar gabas ta samu ne da aka sami daulolin Musulunci jere da juna kamar ƙwayoyin carbi: Barno, sai Bagarmi mai hedikwata a Masenya, sai Wadai wadda Abdulkarim ya kafa a ƙarni na 17, sai Darfur, sai Kurdufan, sai daular Sinnar a bakin Nilu, har a kai Sawakin a gaɓar Bahar Maliya. Daga Kano zuwa Sawakin ya fi kilomita 3,000 ko da a miƙe ne kamar tashin tsuntsu. Amma duk tsawon nan akwai gari, akwai kasuwa, akwai gona. Talaka yana iya fita daga gida da ƙwarya da sanda da sana'ar hannunsa, ya yi tafiya da rani, damina ta tsayar da shi ya yi noma, da kaka ya sayar ya ƙara gaba. Shi ya sa ta zama hanyar talakawa, kuma shi ya sa ake shekara uku, shekara bakwai, wani ma ya ƙare rayuwarsa bai isa ba.

Mun tashi daga Kusiri bayan sallar asuba. Wurin da muka fara taka feda ma tarihi ne. A Kusiri aka kashe Rabe ranar 22 ga Afrilu 1900, kuma a yaƙin nan Lami, kwamandan Faransawa, ya mutu. Da sunansa aka kira garin da suka kafa a tsallaken kogi, Fort Lami, wanda tsofaffinmu ke ce wa Fallomi, kafin a mayar da shi Injamena a 1973. Shekarun da Rabe ya yi yana yaƙi a Bagarmi da Barno sun tsorata matafiya ƙwarai. Abin mamaki, bayan Turawa sun ci ƙasa sai hanyar ta cika fiye da kowane lokaci, kuma dalilin ba mai daɗi ba ne.

A 1903 Ingilishi suka ci Kano cikin Fabrairu, suka ci Sakkwato cikin Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi hijira gabas, jama'a suka bar gonaki da kasuwanni suka bi shi. An tare su a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, a nan ya yi shahada tare da mutane masu yawa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, suka keta wannan ƙasa da muke zaune a cikinta, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin da suka kafa yana nan har yau da sunan Mai Wurno. Bayansu mutane suka yi ta kwarara shekara da shekaru, wani don hijira, wani don hajji, wani don gudun haraji da aikin tilas, galibi ma duka ukun a zuciya ɗaya. Duk wanda cikinmu kakansa ya zo Cadi "tun zamanin Nasara", ya bincika da kyau, zai tarar da niyyar Makka a farkon labarin.

Kwana biyun farko ba mu yi tunanin wani tarihi ba, ta kanmu muke yi. Wanda ya tsara tafiyar ya manta abu guda: da hunturu iska daga gabas da arewa take busowa, mu kuwa gabas muka nufa. Kullum tana dukan fuskarmu, ƙura a ido, leɓe a tsage. Kilomita 80 na zuwa Masaget sai da suka ci mana yini guda cur, biyu daga cikinmu kuma a bayan motar kayanmu suka ƙarasa. Daga nan muka koyi tashi tun da duhu, mu sauka kafin azahar, mu ƙara ɗan kaɗan bayan la'asar. Da muka faɗa wa wani tsoho a hanya, dariya ya yi, ya ce ai haka ayari ke yi tun da, mu ne dai sai da muka sha wuya muka gano.

A Ngura hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta yi wajen Ati, ɗaya ta karkata kudu ta Bokoro da Bitkin da Mongo. Matafiyan da da yawa ta tabkin Fitri da Ati suke bi, su riƙe kogin Bata saboda ruwa. Mu kwalta muka bi ta Mongo, duk da ta fi nisa, don daga Injamena zuwa Abeshe ta nan kusan kilomita 900 ne. Mun faɗi wannan ne don kada wani ya ce mun taka sawun kakanni taku da taku. Ba mu yi ba, kuma su ma ba layi ɗaya suke bi ba. Inda ruwa yake, inda babu yaƙi, inda aka ji labarin akwai ɗan gari da zai sauke ka, nan ce hanya a wannan shekarar.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da ya fi tsaya mana a rai, kuma a kansa muke so mu daɗe.

Ba mu kwana a otal ko sau ɗaya ba. A kusan duk babban garin da muka sauka, in muka tambaya a kasuwa ina Hausawa suke, sai a haɗa mu da yaro ya kai mu. Wani wuri unguwa ce guda da masallacinta, wani wuri gida uku ne ko huɗu, mahauta da madinka da mai sayar da kayan koli. Wasunsu Hausar ta fara kuɓuce musu, suna yi suna cusa Larabci, amma da mun yi sallama sai a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a ɗora shayi, kafin ma a tambaye mu daga ina. A Bokoro mun yi ƙoƙarin biyan kuɗin tuwon da aka yi mana, maigidan ya ɓata rai sosai, ya ce, "Yara, gidan nan ubana bai taɓa sayar wa matafiyi abinci ba, ba a kaina za a fara ba." Da kunya muka mayar da kuɗin aljihu.

Waɗannan gidaje su ne hanyar. Ba sarki ne ya gina su ba, ba Bature ba ne. Alhajin da guzurinsa ya ƙare a wani gari, ko matarsa ta haihu, ko ciwo ya kwantar da shi, shi ne ya zauna ya zama mai masaukin wanda zai zo bayansa. Ya san sarkin gari, ya san harshen wurin, ya san wanda zai ba baƙo gona aro. In baƙo ya zo da 'yar hajarsa, turkuɗi ko fata ko goro ko kanwa, shi zai nemo masa mai saye, ya tsaya a ciniki, ya karɓi la'adarsa, ya ajiye masa kuɗi, ya gaya masa gidan da zai sauka a gari na gaba. Wanda ba shi da haja kuma a nema masa abin yi: wanzanci, yankan farce, ɗinkin hula, ga-ruwa, fawa, ko koyar da yara allo in malami ne. Ku duba da kyau, 'yan uwa, wannan ba shi ne aikin da muke yi a ƙungiya ba? Dillali, fatoma, ajiya, shaidar cewa wane mutumin kirki ne a ba shi bashi. Fatauci da hajji a kan hanyar nan tare suka tashi, ba a raba su. Har lissafin kuɗinmu yana ɗauke da alamar zamanin: a nan sefa 5 muke kira riyal, 'yan uwanmu na Nijar su ce dala, duka sunayen tsofaffin kuɗin azurfa ne da fatake ke ɗaurawa a ɗamara.

Tsakanin Bitkin da Mongo ƙasa ta canja, duwatsun Gera suka taso. Nan kekuna suka fara kuka. Sarƙa ta tsinke wa ɗayanmu a kan hawa, ƙaya ta cinye mana faci har muka koma yanka tsohon tib muna liƙawa. Mun yi ta cin karo da makiyaya suna gangarawa kudu da raƙuma da shanu, mata da yara a saman kaya. Shingaye ma mun sha su. Yawanci da sun ga takardar ƙungiya da katin shaida sai su yi mana fatan alheri, wasu har su ɗauki hoto da mu. A wani shingen dai an tsare mu fiye da awa biyu ana neman takardar keke, abin da ba mu taɓa jin ana yi ba. Kun san yadda irin wannan ke ƙarewa, ba sai mun faɗa ba.

A Um Hajar, bakin kogin Bata, muka haɗu da mutumin da ya sa muka fahimci abin da dattijonmu yake nufi. Tsoho ne madinki, ido ya fara rauni, jikansa ne ke zura masa zare. Ya ce yana ɗan yaro aka fito da shi daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, shi da uwarsa da ubansa da jaki ɗaya. A garin nan uwar ta rasu. Uban ya ce bari a yi damina ɗaya a huta, aka yi ɗaya, aka yi biyu, aka yi aure, aka haihu, har shi ma uban ya kwanta dama a nan. Muka ce, "Baba, ashe kai yanzu ɗan garin nan ne." Ya girgiza kai ya ce, "A'a, 'ya'yana, mu matafiya ne. Muna kan hanya." Mutumin da ya fi shekara 70 a gari ɗaya, da 'ya'ya da jikoki da kabarin iyaye, yana cewa yana kan hanya. Babu wanda ya yi dariya a cikinmu. A daren nan ba mu yi hira sosai ba.

Shi ne ya ba mu labarin abin da ke gaba, wanda ba mu kai ba. Daga Abeshe sai Adare a bakin iyaka, sai Junaina, sai Fashir, sai Nuhud, sai Ubayyid. Tun wajen 1912 jirgin ƙasa ya iso Ubayyid, don haka wanda ya kai can da kuɗi a hannu ya huta da tafiyar ƙafa. Wanda ba shi da kuɗi kuwa sai ya nufi Jazira. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe manyan gonakin auduga, kuma hannun mutanenmu ya yi aiki mai yawa a cikinsu, a can da kuma Gadarif. A Sudan ana kiransu Fallata, a Hijaz a ce Takari, sunaye biyu da ba kullum ake faɗarsu da mutunci ba. Amma ku je kowane babban gari a Sudan ku ce a ba ku agashe, za a kawo muku tsirenmu da ƙuli da yaji, har sunan bai canja sosai ba.

Kada mu yi wa tarihin kwalliya. An mutu a hanyar nan, da ƙishi da kwalara da agana. 'Yan fashi sun tare ayari. Waɗanda ba su da takardu ko kuɗin keɓewar lafiya a Sawakin sukan biya masu kwale-kwale su ƙetare da su da dare, wasu teku ta cinye su, wasu aka sauke su a gaɓar da babu ruwan sha. Mafi muni, akwai yara da bayi da aka fito da su da sunan hajji aka sayar da su a can, don Saudiyya ba ta haramta bauta ba sai 1962. Cikin masu yin wannan akwai masu jin yarenmu. Mai masauki na iya zama uba ga baƙo, yana kuma iya zama wanda zai cinye shi, kuma duka biyun an gani.

Abin da ya rage wa hanyar ƙarfi mota ce da jirgi. Masu hali tun da wuri suka koma teku: Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta jirgin ruwa ya tafi a 1921. A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim, suka kafa kamfanin jigilar alhazai da ake kira WAPA, suna ɗaukar mutane a manyan motoci ta Maiduguri da Fallomi zuwa Sudan. Duk wanda cikinmu ya taɓa canjin sefa a Wapa ta Fagge, to daga nan sunan ya samo asali. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Daga shekarun 1950 kuma jirgin sama ya fara ɗauka daga Kano, sannu a hankali gwamnatoci suka karɓe harkar, aka shigo da fasfo da biza da katin allura da kujera. Yau alhaji yakan yi sallar asuba a Injamena ya yi isha a Madina. Alhamdu lillahi, ba mu ce a koma wahala ba. Sai dai wanda ya wuce ta sama ba ya sauka gidan kowa, kuma babu wanda ya san shi a Mongo.

Mun shiga Abeshe rana ta 15 da hantsi, a gajiye, fuska fari fat da ƙura. Garin ya zama mazaunin sarakunan Wadai bayan an bar Wara, kuma Faransawa ba su same shi ba sai 1909. 'Yan uwanmu na can sun tarbe mu tun daga bakin gari, suka zaga da mu kasuwa, muka ga dukawa suna aikin fata irin wanda za ka rantse a Kano kake. Da farko mun so mu ƙarasa Adare, kilomita wajen 170, mu taɓa iyaka mu juyo. Manyan can suka hana mu, kuma sun yi daidai. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallako ta Adare. Yanzu hanyar alhazai juyowa ta yi, daga gabas ake zuwa yamma. A gidan da aka sauke mu akwai iyali biyu da suka gudo daga Darfur, Hausawa, jikokin waɗanda suka wuce ta garin nan da niyyar Makka. Wata tsohuwa cikinsu ta ce kakarta ta sha gaya mata sunan unguwar da suka sauka a Abeshe, da sunan nan ta yi tambaya da ta iso, kuma aka buɗe mata ƙofa.

To, ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Kowa ya san ɗakin baƙi da ke bayan ofishin ƙungiya, wanda iyayenmu suka ware tun ranar da aka kafa ta, matafiyi ya kwana uku kyauta. Kowa kuma ya san akwai shawarar da za a kawo a babban taro, a mayar da shi mangaza a ba da haya, saboda asusu ya yi ƙasa. Masu wannan shawara ba mugaye ba ne, kuma lissafinsu daidai ne: rufin yana yoyo, kuɗin wuta yana hawa, wasu baƙin sukan wuce kwana ukun su yi wata. Mu da ke riƙe da littafin ofis mun fi kowa sanin haka. Amma littafin nan dai shi ne ya nuna su wa suka kwana a ɗakin lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, direbobi da 'yan kasuwa suka maƙale da kaya babu gaba babu baya. Mu 11 da muka ci tuwon mutane kwana 15 ba a karɓi ko riyal ɗaya a hannunmu ba, ba za mu iya ɗaga hannu a rufe ɗakin ba. Mun yarda a tsakaninmu za mu sayar da kekuna 6 da ƙungiya ta saya mana a zuba kuɗin a gyaran rufi, in taro ya amince. Sauran magana sai ranar.

Da za mu dawo, a saman motar albasa aka ɗaure kekunan, abin da muka yi kwana 15 muna tuƙawa mota ta cinye shi a kwana biyu. Mun sa direba ya tsaya a Um Hajar muka sake gaida tsohon nan. Ya sa jikansa ya rubuta masa takarda da ajami, da sunan ƙauyensu da sunan ubansa da na kakansa, ya ce ko Allah zai sa a sami wanda ya san gidan. Takardar tana ofis cikin aljihun tebur. Duk wanda zai yi lodi wajen Gumel ko Maigatari bayan biki, ya biyo ya karɓa.